Ƙirjin da Ya Tsuke Ba Ya Jin Tsawa

Ƙannena maza da mata, akwai wata tsoka a cikin ƙirjinku wadda ba ta taɓa karɓar umarni daga gare ku ba, kuma ba za ta karɓa ba har ranar da za ku koma ga Mahaliccinku. Hannu kuna ɗaga shi ku sauke yadda kuka ga dama. Numfashi ma kuna iya riƙe shi na ɗan lokaci idan gardama ta kai ku. Amma babu ɗayanku da zai iya ce wa hanyoyin iskar da ke cikin huhunsa su buɗe ko su tsuke. Masu wannan iko wasu sinadarai ne 'yan mitsi-mitsi da jijiyoyi ke fesawa, da wani guda da jini ke ɗaukowa daga nesa. Su nake so ku sani. Rashin saninsu ne ya sa muke kiran yaro mai asma rago ko mai raki, muke gudun maganin da zai cece shi, sannan muke ajiye a ƙarƙashin gado gubar da ta wannan hanyar dai take kashe mutum.

Bari mu fara da yadda Allah ya tsara wurin. Iskar da kuka shaƙa takan bi maƙogwaro ta gangara cikin wani babban bututu. Ku taɓa gaban wuyanku, za ku ji zobban guringuntsinsa a jere. A cikin ƙirji sai ya rabu biyu, ɗaya ya nufi huhun dama ɗaya na hagu, kowanne kuma ya yi ta rabuwa biyu-biyu har sau ashirin da 'yan kai, kafin a kai ga 'yan jakunkunan da iska ke ratsawa ta shiga jini. Manyan bututan nan guringuntsi ya tokare su, ba sa rufewa da sauƙi. Ƙananan kuwa, masu faɗin milimita ɗaya zuwa ƙasa, babu abin da ya tokare su. Wata siririyar tsoka ce ta nannaɗe su kamar yadda zariya ke zagaye ƙugun wando: a ja ta baki ya tsuke, a sassauta ya buɗe. Kuma kada ku raina ɗan tsukewar nan. Wani likitan Faransa mai suna Poiseuille ya gano a wajajen 1840 cewa idan faɗin siririn bututu ya ragu da rabi, wahalar tura abu ta cikinsa sai ta ninka har sau 16. Shi ya sa abin da babba zai ji a matsayin ɗan nauyin ƙirji yake iya kwantar da yaro ɗan shekara uku, don shi tun asali bututansa sirara ne.

To, wa ke jan wannan tsoka? Akwai jijiyoyin saƙo tagwaye 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa. Ta goma, wadda likitoci ke kira bagus, ita ce mai dogon zango: ta sauko ta gefen wuya, ta miƙa wa zuciya reshe, ta miƙa wa huhu, ta zarce har ciki da hanji. Sai dai bakin jijiya ba ya haɗe da tsoka. Akwai ɗan rata tsakaninsu da ido ba ya gani, kuma an daɗe ana muhawara a kan yadda saƙo ke tsallake shi. A 1921 wani masani a birnin Giraz na ƙasar Ostiriya, Otto Loewi, ya raba gardama. Ya ciro zukatan kwaɗi biyu, ya sa kowace a ruwan gishiri tana bugawa. Ya ɗana wa jijiyar bagus ta zuciyar farko lantarki, bugunta ya ragu. Sai ya ɗebi ruwan da ke jikinta ya zuba wa ta biyun, wadda ba a taɓa jijiyarta ba, ita ma nan take ta sassauta bugu. Ashe wani abu jijiyar ke zubarwa, kuma shi ne ainihin saƙon. Daga baya aka tabbatar sinadarin asetilkolin ne, wanda Henry Dale na Ingila ya bayyana aikinsa tun 1914. Su biyun suka raba kyautar Nobel a 1936.

Wannan asetilkolin da ke rage bugun zuciyar kwaɗo shi ne ke tsuke ƙirjinku. Idan bagus ta fesa shi a bangon bututun iska, yakan sauka a kan wasu makarɓa saƙo da ke jikin tsokar, waɗanda ake wa laƙabi da M3. Da zarar ya zauna a kansu, sai ma'ajiyar kalsiyam da ke cikin ƙwayar tsokar ta buɗe, kalsiyam ya malalo, zaruruwan cikin tsokar su kama juna su ja, bututu ya tsuke. A lokaci guda saƙon yakan kai ga kullutan da ke yin majina, su ma su ƙara zubo da ita.

Kada ku ɗauka wannan aibi ne a halitta. Rahama ce. Ku tuna yadda gida ke cika da tari idan aka jefa barkono a mai mai zafi: kowa ya kama ƙirji, ido ya cika da hawaye, yara su ruga waje. Abin da ya faru shi ne, wasu jijiyoyin jin yanayi da ke shimfiɗe a bangon bututan sun ji yaji, sun aika wa gindin ƙwaƙwalwa labari ta cikin bagus, amsa kuma ta dawo ta cikin bagus ɗin dai: a tsuke hanya, a ƙara majina, a yi tari, kada mugun abu ya kai can cikin huhu. Ba ku yi tunani ba, ba a nemi izininku ba. Kuma cikin mintuna kaɗan komai ya wuce, saboda Allah ya tanadi abubuwa biyu masu kashe wutar. Na farko wani sinadari ne mai suna asetilkolinestares da ke zaune a wurin, aikinsa kawai ya farfasa asetilkolin kafin ƙiftawar ido. Na biyu wasu makarɓa ne, M2, da ke kan bakin jijiyar kanta. Idan suka ji asetilkolin ya yi yawa sai su ce wa jijiya ta dakata haka. Ku riƙe waɗannan biyun a ranku, don kusan duk masifar da zan ba ku labarinta daga lalacewarsu take tasowa.

Mai sassautawa fa? A nan akwai abin mamaki. A jikin ɗan Adam, jijiyoyin da ke zaburar da zuciya lokacin tsoro ko gudu kusan ba su kai ga tsokar bututun iska ba. Duk da haka tsokar cike take da wasu makarɓa da ake kira bita-2, suna jiran saƙon da zai zo ta jini. Saƙon shi ne adirenalin, daga wasu 'yan kullutai biyu da ke zaune a kan ƙoda. Idan kare ya biyo ka, ko aka buga maka ƙwallo ka zura da gudu, adirenalin ya kwarara cikin jini, ya sauka a kan bita-2, kalsiyam ya ja da baya, tsoka ta saki, iska ta shiga a wadace. Akwai kuma wasu rassan jijiya da ke sakin wata iska mai suna naitirik oksayid, ita ma sassauta tsokar take yi. Wasu kuma suna sakin sinadaran da ke ƙara tsukewa da kumburi, ko da yake an fi ganin ƙarfinsu a dabbobin gwaji fiye da mutum. Waɗannan ku bar wa masu karatun likitanci. Ku dai ku san manyan biyu: asetilkolin na ja, adirenalin na saki.

Yanzu sai mu zo kan asma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da ita, kuma ta kashe kusan 455,000, mafi yawansu a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu. Mai asma bututansa ba daban aka halicce su ba. Bangonsu ne ke zaune cikin kumburi na dindindin, ko da ranar da yake jin garau. Bango mai kumburi kuwa jijiyoyinsa a farke suke, abin da bai isa ya sa ni atishawa ba sai ya tayar masa da dukan tsarin tsaron nan. Ga kuma wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zubo histamin da makamantansa, su ma suna jan tsokar kai tsaye. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne an gano cewa wasu fararen ƙwayoyin jini da ke taruwa a huhun mai asma, da kuma wasu ƙwayoyin cutar mura, suna gurgunta makarɓan M2. Wato mai cewa a dakata ya yi shiru, jijiya ta yi ta fesa asetilkolin ba ƙaƙƙautawa. Wannan na cikin dalilan da mura ƙarama ke kwantar da mai asma, kuma tarinta ya bi shi makonni bayan ta warke.

Kun lura an fi samun tashin ciwon da tsakar dare zuwa asuba? Ba sammu ba ne. Da dare aikin bagus kan ƙaru, adirenalin da sauran sinadaran da ke kwantar da kumburi kuma su yi ƙasa, don haka wajajen ƙarfe huɗu na asuba bututan kowa sun fi tsukewa. Mai lafiya ba ya ji, mai asma kuwa shi ne lokacin da yake farkawa a firgice. Ku haɗa wannan da hunturu, lokacin da busasshiyar iska mai sanyi ke kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta lulluɓe mu, aka rufe tagogi, aka kunna maganin sauro mai hayaki, aka shigo da kaskon gawayi, aka zuba turaren wuta. Kowane ɗaya cikinsu taɓa jijiyoyin nan yake yi.

Wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwanan ɗalibai ya san yadda abin yake. Za ka ji wani siririn fito a cikin duhu. Ka haska fitila ka ga yaro zaune a bakin gado, ya dafa gwiwoyi da hannu biyu, kafaɗu sun ɗago har kusa da kunne, ramin da ke gindin wuyansa yana lotsawa ciki duk sanda ya ja iska. Fitar da numfashin ya fi shigar da shi wuya. Ka tambaye shi, ya ba ka amsa da kalma ɗaya-ɗaya. A wannan lokacin ne wani zai ce, kai, daure mana, kai ba namiji ba ne? Wani ya ce a kwantar da shi a danne, wani ya ce mutanen ɓoye ne, a kawo garwashi a yi masa turare. Ina roƙonku don Allah, kada ku zama cikin masu wannan magana. Tsokar da ta shaƙe shi ba ta ƙarƙashin ikonsa, ba ta san jarumta ba, tsawa kuma tsoro kawai za ta ƙara masa. Ku yi masa addu'a, wannan alheri ne, amma hayaki a gaban hancinsa ƙarin saƙon tsukewa ne ga bagus. Abin yi shi ne a zaunar da shi a miƙe, a sassauta masa riga, a raba shi da ƙura da hayaki, a kawo inhelarsa shuɗiya. A girgiza ta, a ba shi fesa ɗaya, ya shaƙa, bayan rabin minti zuwa minti ɗaya a ƙara, har zuwa fesa goma idan hali ya yi. Idan bai samu sauƙi ba, ko ya kasa haɗa jimla, ko leɓɓansa da harshensa sun sauya launi, ko ya fara gyangyaɗi, ko fiton ya ɗauke alhali yana nan yana kokawa da numfashi, to asibiti a daren nan, ba a jiran gari ya waye.

Na san abin da ake faɗa a kan inhela. Wai wanda ya fara shi ke nan ya kamu, ba zai iya rabuwa da ita ba. Wai sai ciwo ya kai maƙura ake ba da ita. Wai yarinyar da aka gani da ita za ta rasa manema. Saboda waɗannan zantuka iyaye da yawa sukan ce wa likita a ba su ƙwaya ko na ruwa kawai. Bari in gaya muku abin da ke cikinta. Salbutamol ne, wanda aka haɗa a Ingila a 1966 aka fara sayarwa da sunan Ventolin a 1969. An ƙera shi ne ya kwaikwayi adirenalin, ya zauna a kan bita-2 ya ce wa tsoka ta saki, ba tare da ya zaburar da zuciya sosai ba. Ba ya bugarwa, ba ya sa maye. Fesa ɗaya maikurogiram 100 ne. Ƙwayar salbutamol ta miligiram 4 da ake haɗiya kuwa ta ninka fesa biyu sau ashirin, kuma sai ta zaga dukan jiki, ta sa hannu rawa da zuciya bugawa, kafin ta isa huhu a makare. Inhela tana kai ɗan kaɗan daidai wurin da ake bukata cikin mintuna. Wanda ya guje ta ya koma ƙwaya don tsoron magani mai ƙarfi, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago. Asalin wannan na'ura ma, a 1955 a Amurka, wata yarinya ce 'yar shekara 13 mai asma ta tambayi mahaifinta, shugaban wani kamfanin magani, me ya hana a sa maganinta a gwangwanin fesawa irin na man gashi.

Matsalar da ake samu ita ce yawancin mutane ba su iya shaƙarta ba, sai maganin ya ƙare a kan harshe. Akwai wani bututu da ake sa wa tsakanin inhela da baki don magance haka, amma yana da tsada kuma ba ko'ina ake samu ba. Likitar yara Heather Zar da abokan aikinta a Afirka ta Kudu sun nuna a 1999 cewa gorar roba ta rabin lita tana yin aikin. A wanke ta da sabulu a bar ta ta bushe da kanta. A huda gindinta daidai girman bakin inhela, a cusa shi ya zauna cif ba iska na fita ta gefe. Mara lafiya ya kama bakin gorar da leɓɓansa, a fesa sau ɗaya a ciki, ya ja numfashi a hankali sau huɗu zuwa shida, sannan a sake. Duk ɗakin kwanan ɗalibai da duk gidan da ke da mai asma ya kamata a ce akwai irin wannan gora a rataye.

Amma ga inda nake so ku natsu. Shuɗiyar inhela tsoka kawai take saki, ba ta taɓa kumburin da ke haddasa fitinar. Wanda ya dogara da ita kaɗai zai ji sauƙi yau, ciwon kuwa yana nan yana ci a ƙarƙashi, kuma yawan fesa ta kullum yana sa makarɓan bita-2 su rage amsawa. Duniya ta koyi wannan darasi da gawarwaki. A shekarun 1960 mutuwar matasa masu asma ta yi tashin gwauron zabo a Ingila da Ostireliya da Niyu Zilan, aka danganta abin da wata inhela mai ƙarfin gaske da ake saye ba tare da takardar likita ba. Daga 1976 Niyu Zilan ta sake faɗawa irin wannan hali da wani maganin mai suna fenoterol, sai da aka taƙaita shi mutuwar ta ragu. Tun 2019 ƙungiyar duniya mai tsara ƙa'idojin kula da asma, GINA, ta daina ba da shawarar a bar matashi ko babba a kan mai buɗewa kaɗai. Dole a haɗa da inhelar rigakafi, irin su beklometason ko budesonayid, mai kwantar da kumburin. Ita ba a jin aikinta nan take, shi ya sa ake watsar da ita, alhali ita ce mai hana zuwa asibiti da tsakar dare. A dai kurkure baki bayan an shaƙa. Idan kana neman shuɗiya fiye da sau biyu a mako, ko asma na tashinka daga barci, ko kana ƙarar da gwangwani uku a shekara, ciwonka bai kwanta ba, ka koma wurin likita. Kada kuma ka maye gurbin rigakafin da ƙwayoyin firednisolon ko dekzametason na kemis kana sha kullum. Su na 'yan kwanaki ne bisa umarnin likita. A jima ana sha, su kawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi.

Kada masu lafiyar ƙirji su ce wannan ba tasu ba ce. Maganar fiya-fiya, maganin ƙwarin nan, ta kowa ce. Sinadarin da ke cikinta, daikulobos, da danginsa na feshin gona, aikinsu guda ne: su kama asetilkolinestares su kashe shi. Da haka suke kashe sauro da kyankyaso, kuma jikinmu da na ƙwaro a wannan fanni tsari ɗaya ne. Idan mai farfasawa ya mutu, asetilkolin sai ya taru a kan M3 ba mai kwashe shi. Bututan iska su ƙulle, majina ta yi ta ɓulɓulowa har kumfa ta fito ta baki da hanci, yawu da hawaye da gumi su zubo, baƙin ido ya tsuke ya zama ɗan ɗigo, zuciya ta yi sanyi, daga ƙarshe tsokar numfashi ta shanye. Mutum yakan nutse ne a cikin ruwan jikinsa. Irin wannan guba tana cikin waken Kalaba da ake ba wanda ake zargi da maita a da can a kudancin Nijeriya, kuma da sinadarinsa ne Loewi ya tabbatar da samuwar mai farfasawar nan. Ga shi yau muna zuba 'yar uwarta a kwalbar lemo mu ajiye inda yaro zai kai hannu, muna yayyafa ta a ɗaki mu rufe ƙofa mu kwanta, muna zuba ta a buhun wake, wasu har shafa ta suke yi a kan yara don kwarkwata, alhali tana ratsa fata. Wannan ganganci ne, ku ne kuma za ku hana shi a gidajenku, tunda ku ake aike sayowa. Idan tsautsayi ya faru, a fitar da mutum sarari, a tuɓe masa kayan da suka jiƙe, a wanke jikinsa da sabulu, mai taimako ya kare hannunsa. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, don abin zai iya zarcewa huhu. A garzaya asibiti tare da kwalbar. Kuma idan wani abokinku ya fara zancen ya gaji da duniya, ku ɗauki maganar da gaske, ku raba shi da kwalbar, ku sanar da babba a ranar.

Maganin da likita zai yi ta ɗura wa wanda fiya-fiya ta kama shi ne atirofin, mai toshe makarɓan asetilkolin har ƙirji ya bushe. Kun san ina ake samun irinsa? A cikin zaƙami, wanda ake wa kirari da haukata-yaro. Mutanen Indiya sun daɗe suna shaƙar hayaƙin ganyensa don asma, Turawan Ingila suka koya a wurinsu a farkon shekarun 1800, har aka riƙa sayar da sigarinsa a kantunan magani na Turai. Daga wannan tushe aka ƙero ifiratirofiyam da ake sa wa a injin tururi a asibiti, aka gyara shi yadda zai tsaya a huhu ba ya hawa ƙwaƙwalwa. Na kawo wannan ne don kada wani ya ce muku ai zaƙami magani ne. Ba wanda ya san yawan gubar da ke cikin ganye ɗaya ko ƙwaya ɗaya. Ta wannan reshe daban, ta wancan daban. Kun dai ga waɗanda ake jiƙa wa shi a zoɓo wurin biki: baki ya bushe ƙayau, jiki ya yi zafi babu gumi, ido ya buɗe warwar, fitsari ya ƙi fita, saurayi yana cafkar abin da ba kowa ke gani ba. Asetilkolin ne aka toshe masa a dukan jiki har ƙwaƙwalwa, wasu kuma daga nan ba sa dawowa.

Saura 'yan abubuwa da zan faɗa a gurguje. Mai asma kada ya karɓi ƙwayar hawan jini ko ta faɗuwar gaba daga hannun kowa. Wasunsu, irin su furofaranolol, bita-2 suke toshewa, su hana adirenalin da inhela aiki gaba ɗaya. Har maganin ɗigawa a ido na ciwon gilakoma akwai mai yin haka. Wasu masu asma kuma asfirin da ibufurofen da daikulofenak na tayar musu da ciwo. Duk inda za a ba ku magani, ku fara da cewa kuna da asma. Maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Nijeriya ta hana haɗawa da shigo da shi a 2018, cibiyar numfashi da ke ƙwaƙwalwa yake dannewa, ba abin da zai yi wa tsukakken bututu sai ƙarin hatsari. Shisha kuwa, ƙamshin tuffa da ruwan da hayaƙin ya ratsa ba su raba shi da zama hayaƙin taba da gawayi ba, jijiyoyin bangon huhu kuma ba sa jin ƙamshi, ƙuna suke ji. A watan azumi malamai sun yi saɓani a kan inhela. Ku tambayi malaminku da likitanku tun kafin watan ya kama, amma babu malamin da ya ce a zauna numfashi ya ɗauke.

Ku masu asma, kada kowa ya ajiye ku a benci. Paul Scholes da asmarsa ya buga wa Manchester United tsakiyar fili shekara da shekaru, Paula Radcliffe da ita ta kafa tarihin gudun famfalaƙi na mata a Landan a 2003. Ku ɗumama jiki kafin wasa, ku rufe hanci da ƙyalle da sanyin safiya, inhela na aljihu ba a ƙasan akwati ba. Ku gaya wa abokan ɗakinku da malamin da ke kula da ku inda take da yadda ake amfani da ita, babu abin kunya a ciki. Ku kuma sauran, a makon nan ku tambayi ɗan uwanku ko ƙawarku mai wannan lalura ko yana da ta rigakafi ban da shuɗiyar. Idan babu, ku raka shi asibiti kafin hunturu ya shigo.